Goron Sallah na hannu: saƙa tun Rajab, toye-toye a goman ƙarshe

Shekarar da na fara cewa ni ma zan yi wa dangi goron Sallah da hannuna, sai ranar 27 ga azumi na sayo zare. Daren jajibiri ya same ni a tsakar gida a unguwar Bukoki ta Yamai, rabin hula a cinya, gato, wato kek, a tukunya yana ƙauri, yara na kukan a ƙunsa musu lalle. Da gari ya waye ba hular ba gaton. Ƙasansa ya zama gawayi, cikinsa kuwa kamar kunu. Surukata, da ta zo mana Sallah daga Tawa, ta ɗaga murfin tukunyar, ta mayar, ta ce, "Ɗiyata, ba a fafe gora ranar tafiya." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Abin da na gane daga baya shi ne matsalar ba ta gwaninta ba ce, ta jeri ce. Abin da ba ya lalacewa shi ake fara yi, abin da ke saurin lalacewa shi ne na ƙarshe. Zare ba ya tsami ko ya shekara a akwati. Cincin yana kai mako biyu. Gato kuwa a zafin Yamai kwana biyu ya yi yawa. In kin bi wannan jerin, ko ba ki taɓa riƙe kwarashi ba za ki fita kunya.

Duba watan da Sallar za ta faɗo

Shekarar Musulunci ta gaza ta Nasara da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa Sallah ke ja da baya kowace shekara. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris aka yi ta. A lissafi, ta 2027 wajen 10 ga Maris za ta zo, ta 2028 a ƙarshen Fabrairu, ta 2030 a farkon Fabrairu. Wato azumi da ƙaramar Sallah suna shigowa cikin ɗari sannu a hankali, kuma hular ulu da a shekarun baya za a yi wa dariya in an kai ta goron Sallah, yanzu lokacinta ya zo. Duk wadda ta taɓa fita da jariri da asubar Janairu a Tawa, iska na kaɗowa daga arewa da ƙura, ta san amfanin hula.

Layya daban ce. Tana zuwa wata biyu da kwana goma bayan ƙaramar Sallah, don haka daga 2027 zuwa 2030 cikin Afrilu da Mayu take faɗowa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wadda ta kai wa mutum ulu a lokacin, ta ba shi aikin ajiya kawai. Na Layya zaren auduga ake sa wa, za mu zo kansa.

Sai ki ɗauki takarda ki rubuta waɗanda kike son ba. Idan kin gama, ki soke rabi daga layin saƙa. Da gaske nake. Mai koyo ba ta iya saƙa wa mutum goma cikin wata biyu ga girki ga yara ga aiki. Ni jarirai da tsofaffi kaɗai nake saƙa wa, don su ne sanyi ya fi kamawa, su ne kuma ba sa cewa launin bai yi musu ba. Gidajen maƙwabta da na surukai toye-toye suke samu. Yaran unguwa masu yawon barka da Sallah kuma, kada ki yaudari kanki: ƴan dalolinsu suke so. Kantu ƙari ne a kan kuɗin, ba madadinsa ba.

Sayen zare

Tun watan Rajab, na azumin tsofaffi, ki shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan ɗinki, masu maɓalli da zip. Yawancin abin da muke kira ulu a nan na roba ne, ba gashin tumaki ba. Ba laifi, ya fi araha, ya fi jure wanki. Amma ki san abin da kika saya. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana: na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri, ulun gaske yana ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago, auduga kuma ci take kamar takarda ta bar toka mai laushi. Kafin ki biya, ki goga ƙwallon zaren a wuyanki. In ya yi miki ƙaiƙayi, fatar jariri ba za ta ɗauka ba.

A takardar da ke naɗe da zaren akwai nauyinsa, galibi giram 50 ko 100, da girman kwarashin da ya dace da shi, da lambar rini. Wannan lambar ita ce mutane ke rainawa. Na taɓa saƙa wa kawuna abin wuya, zare ya ƙare a tsakiya, na koma na sayo irinsa, shuɗi dai shuɗi. A cikin ɗaki ba a ganin komai. Da ya fito rana sai ga shi gida biyu, rabi shuɗin bula, rabi ya ja zuwa toka. Ki sayi duk abin da kike bukata rana ɗaya, mai lamba ɗaya, ki ƙara ƙwallo guda a kai. Hular jariri ba ta cinye giram 50. Abin wuyan yaro yana cin 100 zuwa 150.

Fari yana da kyau a kasuwa, amma kwana ɗaya a hazo ya koma ja. Ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, ruwan goro, su ne masu rufa asiri.

In kuɗi sun yi kaɗan, rigunan sanyi na gwanjo zare ne kwance. Ki zaɓi wadda aka haɗa gaba da baya da ɗinki ba tare da an yanke gefen ba, ki farke ɗinkin, ki kama bakin zaren daga sama ki ja. Zai fito a nannaɗe. Ki naɗa shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tsoma a ruwa, ki rataya a inuwa da ɗan abu mai nauyi a ƙasa, zai miƙe. Wannan aikin yara ne, har da maza. Ɗan farina da farko cewa ya yi aikin mata ne, sai da babansa ya tuna masa cewa masaƙan da ke zama gaban masaƙa tun kaka da kakanni maza ne.

Hula da kwarashi, daki-daki

Da kwarashi nake ba mai koyo shawarar farawa, don in kin yi kuskure ja kawai za ki yi ki warware, ba abin da zai zube. Zare matsakaici da kwarashi mai lamba 4 sun isa.

Ɗan zoben zaren da ke kan kwarashi ni ido nake ce masa. Ki yi zarge ki sa kwarashi ciki, ga ido na farko. Ki naɗo zare ki jawo shi ta cikin idon, kin yi sarƙa ɗaya. Ki yi 4, ki soka kwarashi cikin ta farko, ki jawo zare ta cikinta da idon da ke kan kwarashi gaba ɗaya. Kin samu ƙaramin zobe, shi ne tsakiyar kai.

Duk hular da saƙi iri ɗaya za ki yi ta, dogon saƙi, wanda masu koyarwa da Faransanci ke kira bride. Ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ki soka, ki jawo zare. Yanzu ido 3 ne a kai. Ki naɗa ki fitar ta cikin 2, ki sake naɗawa ki fitar ta cikin 2 da suka rage. Shi ke nan. Ki yi ta maimaitawa a wani guntun zare har hannunki ya daina tunani.

Zagaye na farko: sarƙa 3, ita ce a matsayin saƙi na farko, sai dogon saƙi 11 cikin zoben, 12 ke nan. Ki haɗe da kan sarƙar da kika fara da ita. Zagaye na biyu: sarƙa 3, sannan saƙi biyu-biyu a kan kowane ɗaya, 24. Na uku: biyu a kan na farko, ɗaya a kan na gaba, haka har ki zagayo, 36. Na huɗu: biyu, ɗaya, ɗaya, 48. Na biyar in ana bukata: biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya, 60. Kowane zagaye ƙarin 12 ne. Ki ƙirga a ƙarshen kowanne, ko kina jin ƙyuya. Abin ya kamata ya kwanta kamar faifai. In ya fara tattarewa yana falfala, kin ƙara fiye da kima. In ya kife kamar ƙoƙo tun da wuri, kin manta ƙari a wani wuri ko hannunki ya cika matsewa.

Tambayar ita ce yaushe za ki daina ƙari. Ki auna kewayen kan yaron da metir ɗin tela, ki rage santimita 2 ko 3 don saƙa tana miƙewa, ki raba abin da ya rage gida uku, ki ɗan rage kaɗan. Wannan shi ne faɗin faifan. Kan sabon jariri wajen santimita 35 ne, faifansa 10 da rabi. Ɗan shekara biyu wajen 48, faifansa 14. Babban mutum 55 zuwa 58, faifansa wajen 17. In yaron yana Tawa ke kina Yamai, ki sa uwar ta zagaya kansa da igiya ta auna ta faɗa miki a waya. Wasu iyayen ba sa son a yi ta auna kan jariri, in kin ga alamar haka ki ari tsohuwar hularsa ki auna.

Da faifan ya kai, ki ci gaba da zagaye ba ƙari, ɗaya a kan ɗaya. Da kansa zai lanƙwaso ya zama hula. Tsawonta daga tsakiyar kai zuwa baki: 12 zuwa 13 ga jariri, 17 zuwa 18 ga ɗan shekara biyu, 21 zuwa 22 ga babba. Ki yanke zare ki bar kamar taƙi ɗaya, ki zura cikin idon ƙarshe ki ja, ki ɓoye jelar ta ciki da babbar allura. Hular jariri ba maɓalli, ba duwatsun ado, ba doguwar igiya. Duk abin da zai ɓalle, bakinsa zai nufa.

Ta farko za ta ci miki dare uku ko huɗu, kuma za ta fito a karkace. Ki bar wa ɗan gida. Ta uku ita ce ta kyauta.

Tsinke biyu

Saƙa da tsinke biyu ta fi laushi, ta fi miƙewa, amma ta fi son natsuwa. Jera idanun farko a kan tsinke abu ne da sai an gani da ido, ki nemi wadda ta iya ta nuna miki, minti biyar ne. Don abin wuya ki jera 30 a tsinke mai lamba 4 da rabi, zai ba ki faɗin wajen santimita 15. Ki soka tsinken dama cikin idon farko na hagu ta gaba, ki naɗa zare, ki jawo sabon ido zuwa dama, ki zame tsohon. In layi ya ƙare ki juya, ki sake. Haka har mita ɗaya ga yaro, ɗaya da rabi ga babba. Wajen rufewa ki saƙa biyu, ki ɗaga na farko ki tsallake da shi kan na biyu, ki saƙa wani, ki sake tsallakewa, har saura ɗaya. Ki riƙa ƙirga 30 ɗin nan kowane ƴan layuka, in ba haka ba abin wuya zai fara da faɗin hannu ya ƙare da faɗin zane. Kuma kada ki ajiye a tsakiyar layi ko tuwo na kamawa, ki ƙarasa tukuna.

Na lokacin zafi kuwa, auduga da kwarashi: faifan hular nan in kika ci gaba da ƙari bai daina kwanciya ba, ya zama marufin kwano ko abin ɗora butar shayi. Ƙaramar jakar carbi ko ta waya dare ɗaya ce. Tsofaffi maza sun fi murna da jakar carbi fiye da yadda za su nuna miki.

Kafin ki naɗe kyautar ki wanke ta da ruwan sanyi da ɗan sabulu, kada ki murɗa, ki matse cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa. Rataya tana sa ta yi tsawo. Guga kuma haram ga zaren roba. Na taɓa ɗora dutsen guga a kan hula don ta yi santsi, ta kuwa yi, ta koma kamar leda.

Ki yi ƙoƙari saƙa ta ƙare kafin 20 ga azumi. Goman ƙarshe ga ibadar dare ga tuya, ba hannun da zai rage.

Tukunyar yashi

Ba kowane gida ke da tanda ta gaz ba, ta lantarki kuwa wuta na iya ɗaukewa gato na tsakiyar tashi. Babbar tukunyar dalma mai murfi mai kamawa ta isa, irin wadda ake samu a kasuwar Katako. Ki keɓe ta don wannan aikin, don zafi ba ruwa yana ƙona gindinta.

Ki zuba yashi kaurin yatsu biyu. Yashin kogi mai tsabta nake nufi. In daga tulin masu gini na bakin hanya kika ɗebo, ki tankaɗe, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, don awakin unguwa sun riga ki zuwa wurin, kuma da ya ji wuta za ki san haka. A kan yashin ki ɗora ƙananan duwatsu uku ko gwangwanin tumatir uku marasa komai, don kada kwanon gato ya zauna kai tsaye a kan zafi. Wannan shi ne kuskurena na shekarar farko. Ki rufe, ki bar ta a wuta matsakaiciya minti 15 kafin ki sa komai.

Gwajin zafi: ki barbaɗa ɗan fulawa a murfin gwangwani ki sa ciki ki rufe. In bayan minti ɗaya ko biyu ta yi ruwan zuma, daidai ne. In ta yi baƙi nan take, ki rage wuta. In tana nan fara, ki ƙara jira. In da gawayi kike aiki, ki rage na ƙasa ki ɗora ƴan garwashi a kan murfi, don sama ma ta samu rabonta. Mai tanda ta sa digiri 180.

Magana ɗaya da ba wasa: gawayi a waje ake hura shi. Da sanyi mutane kan ja murhu cikin ɗaki su rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Ki yi gashinki a tsakar gida ko kin sha rigar sanyi biyu.

Masu jimawa: kantu da cincin

Daga 22 zuwa 25 ga azumi, bayan an sha ruwa an huta. Kantun riɗi shi ne mafi sauƙi. Riɗi kofi 2, sukari kofi 1. Ki rege riɗin don tsakuwa, ki shanya, ki soya ba mai har ya fara tsalle yana ƙamshi. A wata tukunyar ki narka sukari a wuta kaɗan da ɗigon lemun tsami har ya yi ruwan zuma, ki juye riɗin ki gauraya da sauri, ki zuba a tire da kika shafa wa mai, ki murje da kwalba mai mai, ki yanka tun da ɗuminsa. In ya huce sai dai fasawa. Yara su yi nisa, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, kuma manne wa fata yake.

Cincin: fulawa kilo 1, sukari giram 200, bota giram 150, ƙwai 3, hodar gato ƙaramar leda 1, ɗan gishiri, ɗan gyaɗar ƙamshi, da madara kamar kofi ɗaya. Hodar gato ita ce ƴan Najeriya ke kira bakin hoda, kada ki haɗa ta da yis na burodi da fanke, aikinsu ba ɗaya ba ne. Ki tankaɗe fulawar, ta buhu ba ta rasa ƙwari. Ki murje bota cikinta da yatsu har ta yi kamar dambu, ki sa sauran, madarar kaɗan-kaɗan, don kwaɓin tauri ake so. Kowane ƙwai ki fasa shi a kofi daban kafin ki juye. Ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya ɓata miki kilo guda. Ki rufe minti 20, ki murza kaurin rabin santimita, ki yanka. A nan ne yara ke da amfani, ko da yankan nasu wani kamar ƙwayar wake wani kamar ɗan yatsa.

Mai kada ya wuce rabin tukunya, don cincin yana sa shi kumfa ya taso. Wuta matsakaiciya. Ki kwashe tun yana ruwan zinariya, don bayan ya fita ma yana ƙara duhu. Ki baza a faranti ya huce sarai, sai gobe ma, kafin ki rufe. Wanda aka rufe da ɗumi gumi yake ya yi laushi. Dubulan da alkaki kuwa, in ba ki tashi kin ga ana yi a gidanku ba, kada ki fara koyonsu a makon Sallah. Ki ba masu yi kuɗi.

Biskit

Ranar 26 ko 27. Fulawa giram 250, bota 125, sukari 100, ƙwai 1, ɗan gishiri. Abokin gabarki a nan zafi ne: bota ta narke, kwaɓi ya zama mai, biskit ya baje a tire. Shi ya sa nake kwaɓawa bayan sahur, lokacin da gari ya fi sanyi. Ki haɗa da sauri, kada ki yi ta luguda, ki sa a firigo rabin awa. In babu, ki rufe kwanon da jiƙaƙƙen ƙyalle ki ajiye gindin randa. Ki murza, ki fitar da bakin kofin shayi, ki gasa minti 10 zuwa 12 a tanda, a tukunya kan ɗan fi haka. Gefe ya fara ja, ki fitar ko da tsakiya na da laushi, zai yi ƙarfi in ya huce. Da rana kina azumi, ki ba yaro ya ɗanɗana. Sai dai ki sani ba zai taɓa ce miki sukari ya yi yawa ba.

Gato, daren ƙarshe

Wata na iya tsayawa a 29, don haka ranar 28 komai ya kasance a gida. Da an ce an ga wata, butik cika take, ƙwai kuma ya yi wuya.

Wanda ba ya ba ni kunya shi ne na yawur, don ba ya bukatar sikeli. Ɗan gwangwanin yawur na giram 125 shi ne ma'auni: yawur 1, sukari 2, fulawa 3, mai rabi, ƙwai 3, hodar gato leda 1 ta giram 11. Kindirmo mai kauri yana maye gurbin yawur. Ki gwada hodar tukuna, rabin cokali a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa ba ta mutu, zafi da daɗewa a kanti suna kashe ta.

Ki kaɗa ƙwai da sukari har su yi haske, ki sa yawur da mai, ki kankare bayan lemun tsami ɗaya a ciki. Fulawa da hoda a ƙarshe, kuma da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Yawan juyawa bayan an sa fulawa shi ke sa gato ya yi nauyi kamar tuwo. Ki shafa wa kwano mai, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kada ya wuce kashi biyu cikin uku. A tanda minti 30 zuwa 35, a tukunyar yashi 40 zuwa 50.

Minti 25 na farko kada ki ɗaga murfi. Na san hannu na ƙaiƙayi. Ɗagawa ce ke sa tsakiya ta faɗa. Bayan nan ki soka tsinken tsintsiya mai tsabta a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi. In sama ta tsage ta yi duhu ciki ɗanye, wuta ta yi yawa, ki janye garwashi ki ba shi lokaci. Ki bari minti 10 kafin ki kife shi. Ni ba na sa masa kirim a kai, kafin a sauko daga idi ya tsiyaye.

Naɗewa da aikawa

Tun Sha'aban nake tara gwangwanayen madarar gari da kwalaben mayonez. A wanke, a kife a rana yini guda, a shinshina. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar yaji ko daddawa ba ta mantawa, kada ki sa mata biskit. Kantu, cincin da biskit kowanne da mazubinsa, in an haɗa su mai laushi yana ɓata mai ƙarfi. Ƙyallayen atamfa kuma ki roƙa wajen telanki tun farkon azumi, don a makon Sallah ko sallamarki ba zai amsa da kyau ba. Ki yanka murabba'i, ki rufe bakin gwangwani, ki ɗaure da ragowar zaren saƙa. Hula a naɗe ta cikin nata ƙyallen, nesa da abin mai.

Saƙon Tawa yana bin hanyar Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, sama da kilomita 500 cikin kar, wato babbar motar fasinja, ƙarƙashin buhunan mutane. Gato ba ya zuwa, na gwada, gari ya isa. Cincin da kantu suna zuwa lafiya. Biskit sai an cika gwangwani dam, an cusa takarda a sama yadda in kin girgiza ba ki jin motsi. Ki aika kwana huɗu ko biyar kafin Sallah, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kwali, ba a murfi kaɗai ba.

Na cikin gari yara ake aikawa, amma na surukai da ƙafarki za ki kai, ki durƙusa ki ce, "Inna, ga ɗan abin taɓawa, ba yawa." Ba sai kin ce ke kika yi ba, yankan cincin ɗin zai faɗa. In kina da abokiyar zama, girman gwangwanin ɗakinta da na ɗakin ƴar'uwarki ya zama ɗaya, don ana aunawa da ido. Maƙwabtanmu Kirista ƴan Benin da Togo, da ke aiko mana abinci ranar Kirsimeti, nasu zagayen a Disamba yake, tsakiyar ɗari, kuma a nan ne hular jariri ta fi samun shiga.

Ki ajiye gwangwani biyu a ɓoye saman kabad, inda yara ba su sani ba. Ran Sallah da la'asar sai wata gwaggo da ba ta cikin takardarki ta yi sallama da jikoki uku, kuma ba za ki so ki tsaya kina kankare ƙasan faranti a gabanta ba. Yashin tukunya in ya huce ki juye shi a buhu ki ɗaure, zai yi miki na Layya.